Kafin ka ɗora dandamalin babur ɗin ƙanƙara a kan a-kori-kura

'Yan'uwa da ke Kanada da arewacin Amurka, kafin ku sayi dandamali ku buɗe ƙofar direba ku karanta takardar da ke jikin ginshiƙi, ita ke faɗin iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, har da mutanen ciki. Babur ɗaya da mansa yakan kai kilo 250 zuwa 300. Biyu, ga dandamalin da ke kusan kilo 200, ga mutum biyu da kayansu, an doshi kilo 900. Yawancin F-150 sun gaza a nan, gara F-250. Kayan a sama suke, shi ya sa motar ke rangaji a kwana.

Ku zaɓi na alminiyam, don gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfe. A sa roba tsakanin alminiyam da ƙarfen mota, in ba haka ba wurin haɗin zai zaizaye.

Gadar hawa kada ta gaza mita 3. Gajera takan miƙe tsaye, sai direba ya ƙara wuta, babur ya daki gilashin baya. Don haka shingen kariya a bayan kan mota dole ne. Ku ɗaure gadar da majanyi kafin hawa, domin bel ɗin babur yana iya harba ta baya.

Ƙarƙashin takalman gaba akwai kaifin ƙarfe mai yanka katako da alminiyam, a shimfiɗa musu faifan roba mai santsi. Faɗin kaya kada ya wuce mita 2.6.