Darasi na Bakwai: Ciwon Ƙafa da Idon Sawu, da Yadda Likitan Gashin Ƙashi Yake Duba Su

Ƙafar mutum ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma a kansu ne nauyin jiki duka yake sauka tun daga fitar asuba har komawa shimfiɗa. Manomi da ɗan dako a kasuwar Muda Lawal da mai ɗaukar tulu daga rijiya duk da ita suke neman abinci, amma ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta ƙi takuwa.

A manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke nan Bauchi, akwai sashen gashin ƙashi, kuma likitan wannan sashe ba ya fara taɓa ƙafa sai ya yi tambayoyi. Zai ce, "Baba, yaya abin ya faru? Ka iya takawa bayan faɗuwar? Da safe ya fi ciwo ko da yamma?" Daga nan sai ya sa a cire takalma duka biyu, domin lafiyayyar ƙafar ita ce ma'aunin mai ciwon, ya sa mutum ya yi tafiya a gabansa, har ma ya juya takalmin ya ga gefen da ya fi cinyewa. Saboda haka ku je da takalmin da kuke sawa kullum, kada ku je da na sallah.

Abin da aka fi kawowa shi ne targaɗe. Yawanci ƙafa ce take lanƙwashewa ta ciki, wajen sauka daga acaɓa ko taka bakin kwata, sai jijiyoyin da suka riƙe idon sawu ta waje su miƙe fiye da ƙima ko su yage. Abin da likita yake son tantancewa da farko shi ne ko akwai karaya a ƙarƙashin kumburin. Zai danna bayan ƙashin idon sawu na waje da na ciki, da ƙashin da ke gefen ƙafa a layin ƙaramin yatsa, sannan ya ce a yi taku huɗu. Idan dannawar ta yi zafi a kan ƙashin kansa, ko mutum ya kasa taku huɗun nan ko da ɗingishi ne, to sai an ɗauki hoton ƙashi. Wannan awo na taku huɗu kowa zai iya yin sa a gida, kuma shi ne ya kamata a yi kafin a ce za a kai yaro wurin mai ja. Masu ɗori suna da daraja a garuruwanmu, amma jijiyar da ta yage ba ta bukatar ja, kuma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi yana iya kashe ƙafa.

A kwana biyun farko a huta, a ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a aza na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tare da matsewa ba. A jinkirta ruwan zafi da murza. Da zarar zafin ya lafa sai a fara motsa ta da takawa a hankali, daga baya a riƙa tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai ana dafe da bango. Mutane da yawa suna barin wannan mataki na ƙarshe, shi ya sa ƙafa ɗaya take ta maimaita targaɗe.

Ciwon dunduniya kuwa alamarsa a fili take: takun farko bayan tashi daga barci kamar an taka ƙusa, sai ya yi sauƙi bayan an ɗan zagaya. Wata jijiya mai faɗi ce da ta shimfiɗu a tafin ƙafa take gajiya, musamman ga masu doguwar tsayuwa da masu jiki. Maganinsa miƙa agara da sha-raɓa a jikin bango na daƙiƙa 30 sau da yawa a rana, mirgina kwalba a ƙarƙashin tafin ƙafa, da barin silifas ɗin da ya sulɓe. Yakan ɗauki watanni kafin ya tafi.

Mai ciwon suga shi ne ya fi ba ni tsoro, domin nasa ciwon ba ya zafi. Suga yana kashe jijiyoyin ji tun daga yatsu, sai mutum ya taka ƙaya ko yashi mai zafi da tsakar rana bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Likita yakan sa shi ya rufe ido, ya taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zaren roba, ya ce, "Hajiya, kin ji?" Mai wannan ciwo ya duba ƙafarsa kowace rana, ko ya sa ɗansa ya duba masa, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya shafa man kaɗanya a kan faso lokacin hunturu, kuma kada ya yanke kanta da reza.

Game da yara, shafaffen tafin ƙafa ga ƙaramin yaro ba cuta ba ce matuƙar ba ya ciwo. Amma jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe tana kallon ciki, a kai shi asibiti tun a makonnin farko. Ana gyara ta da ɗaurin filasta da ake canzawa mako-mako, sannan takalmi na musamman da zai riƙa kwana da shi har ya kai shekara 4 ko 5.

Aikin gida: kowa ya juya takalminsa ya rubuta gefen da ya fi cinyewa, sannan ya tsaya a kan ƙafar dama, ya koma ta hagu, ya rubuta daƙiƙa nawa ya yi a kan kowacce. Ku zo da abin da kuka rubuta a zama na gaba.