Yadda ƙungiyar metalcore za ta yi albam ɗinta na farko ba tare da ta ƙone kuɗi a situdiyo ba

Yawancin yaran da suka haɗa ƙungiya gani suke kamar a situdiyo ake yin albam, shi yasa za ka ga sun kama ɗaki na kwana goma sun shiga da waƙoƙi huɗu da rabi sauran kuma "za mu ƙarasa a can". Wallahi a can ɗin babu abin da ake ƙarasawa sai kuɗi. A metalcore, wato salon kiɗan gita mai nauyi da ke haɗa ihu da rera waƙa, kusan duk aikin a gida yake ƙarewa, situdiyo ɗauka kawai ake zuwa yi. Parkway Drive ƴan Ostireliya a sati biyu kacal suka ɗauki albam ɗinsu na farko a Amurka a 2005, wajen Adam Dutkiewicz mai gitar ƙungiyar Killswitch Engage, kuma sati biyu ba ya isar wanda bai haddace kayansa ba.

To ku fara da demo, wato ɗaukar gwaji. Kowace waƙa ku ɗauke ta a kwamfuta daga farko har ƙarshe, ko da gangar ta manhaja ce gitar kuma kai tsaye aka jona, ba kyan sauti ake nema ba a nan, so ake a ji ko waƙar ta tsaya da ƙafarta. Ku rubuta fiye da abin da kuke buƙata, in goma za ku saka to ku yi sha biyar ku zubar da biyar, kuma wadda za a zubar ɗin sau da yawa ita ce wadda mai gita ya fi so saboda yatsunsa sun sha wahala a kanta, haƙuri zai yi. Abin da zan fi ja muku kunne a kai shi ne birekdawun, wato wurin da kiɗan ke rage gudu ya yi nauyi jama'a su haukace. Yana da daɗi, shi yasa sabbin ƙungiyoyi ke cusa uku uku a kowace waƙa, kafin a kai waƙa ta biyar mai sauraro ya daina jin komai. Ɗaya mai kyau da aka yi masa shimfiɗa tun daga baya ya fi, wata waƙar ma ku barta babu shi sam.

Daga demo ɗin ne za ku tsayar da gudun kowace waƙa da kilik, wannan ƙwas ƙwas ɗin da ke kunnen mai ganga. Duk inda gudu ya canza a rubuta shi cikin fayil ɗin tun yanzu. Mai ganga ya yi wata ɗaya ko biyu yana atisaye da shi kullum musamman bugun gangar ƙafa da ƙafa biyu, don a wannan kiɗan gita da bes da gangar ƙafa tare suke faɗowa, in ɗaya ya zame kowa zai ji.

Sai saitin gita, wato sautin da za a ɗaure kowace tsirkiya a kai. Ku yanke shawara tun wuri, Drop C ne ko ƙasa da haka, kuma muryar mai waƙa ce za ta yanke ba son nauyi ba, domin in amshin da ake rerawa da murya mai tsabta ya fi ƙarfin maƙogwaronsa to an yi aikin banza. Drop C dai shi ne C G C F A D daga babbar tsirkiya zuwa ƙarama, kuma yana son tsirkiya mai kauri irin 11 zuwa 56 ko sama, siririya lilo za ta riƙa yi sautin yana hawa yana sauka. A kai gitocin wajen mai gyara ya daidaita su a kan wannan saitin kafin ranar ɗauka, a sayi tsirkiya da yawa don sabuwa ake sa wa kusan kowace waƙa, a kuma duba tunin bayan kowane ɗauka, eh kowane ɗaya, abin haushi ne amma haka ake yi.

Wajen ɗauka ganga ce farko, da sabbin fatu. Gitar rakiya sau biyu ake kaɗa ta, ɗaya a tura sifikar hagu ɗaya ta dama, kuma kwafe ɗaya a manna ba ya aiki, sai an sake kaɗawa da hannu. Ga wani abu da ke jawo rigima, a kowane sashe wanda hannunsa ya fi tsafta shi zai kaɗa duka biyun ko da ba shi ya ƙirƙiro ba. Ku yi wannan maganar a gida kafin furodusa ya faɗa muku a gaban kowa. Kayan da aka saba ji a wannan salon ba ɓoyayyu ba ne, amfilifaya Peavey 5150 da ƴar na'urar Tube Screamer a gabansa don ya ɗaure ƙasan sautin da makirfo SM57 a bakin sifika, yanzu ma manhajoji suna kwaikwayonsu sosai. Ko me kuka yi amfani da shi dai ku ajiye ɗanyen sautin gitar wanda bai bi ta amfilifaya ba, in daga baya sautin bai yi ba sai a sake turawa ta wata ba sai an sake kaɗawa ba. Kuma a rage datti, wato kaushin da ake ƙara wa sautin gita, rabin abin da kuke sawa a wajen atisaye ya isa.

Murya kar a barta sai kwana biyun ƙarshe, wannan kuskuren ya kashe albam da yawa. Mai ihu ba inji ba ne, awa biyu zuwa uku a rana ya ishe shi, a rarraba aikinsa cikin kwanakin da zarar an gama kiɗan waƙa ɗaya, ya ɗumama murya kafin ya fara ya sha ruwa sosai, in ya ji zafi ko kaikayi a maƙogwaro a tsaya nan take don ihun da aka yi daidai ba ya ciwo.

Miksin, wato haɗa sautukan da aka ɗauka a daidaita su, ku ba wanda ya saba da irin wannan kiɗan, ku saurari aikin da ya yi a baya tukuna, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa tura masa gyara a madadin kowa, in ba haka ba kowa cewa zai yi a ɗaga nasa. Mastarin kuma, wato gogewar ƙarshe da ake yi wa sautin, gara wani kunnen daban.

Kafin waƙa ta fita ku zauna ku rubuta wa ya rubuta me da kason kowa a sa hannu, tun ana dariya da juna. Kamfanin rarrabawa irin DistroKid zai ba kowace waƙa lambar shaida da ake kira ISRC ya kai ta dandamalin sauraron waƙa, ku ɗora fayil ɗin WAV, wato sautin da ba a matse ba, kamar wata ɗaya kafin ranar, saboda Spotify na son a miƙa wa editocinsu waƙa aƙalla kwana 7 kafin fitowa, kuma tun 2015 Juma'a ce ranar sakin sabbin waƙoƙi a duniya. Ku fara sakin guda biyu ko uku ɗai ɗai da tazarar ƴan makonni, ta farkon ta zama mai amshin da ke kama kunne, mai tsawon minti bakwai ɗin nan ta jira cikin albam.