Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi? Ga yadda za ka lissafa da kanka

Duk lokacin Umara sai ka ji ana ta gardama, wannan ya ce awa huɗu ne, wancan ya rantse da Allah awa bakwai ya gani a tikitinsa. To mafi yawa agogo ne ke rikita mutane.

Fara da nisan. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne in an miƙe santal. Manyan jiragen fasinja kan yi kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya, sai ka raba 3,400 da 800, ka samu awa huɗu da 'yan mintuna, ka ƙara kamar rabin awa na tashi da sauka da gangarawa a titin jirgi. Kenan wajen awa huɗu da rabi zuwa biyar, in jirgi ne na kai tsaye.

Amma fa jirgi ba kullum yake miƙewa ba. Hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi kafin a tsallake Bahar Maliya, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo sosai. Don haka kada ka riƙe lissafin nan kamar karatun allo, ka tambayi ejan ɗinka hanyar da za a bi.

Yanzu tikiti. Lokacin da aka rubuta na tashi agogon Najeriya ne, na sauka kuma agogon Saudiyya, su kuma suna gaba da mu da awa biyu. Misali ka ga tashi 11:00 na dare, sauka 5:45 na asuba, a ido awa shida da minti 45 ne ko? Cire biyu, saura huɗu da minti 45. A dawowa kuma ƙara biyu za ka yi, shi ya sa tikitin dawowa yake nuna kamar tafiyar gajera ce, har mai zuwa ɗaukarka ya rikice. Kai dai ka tura masa lokacin sauka yadda yake a tikiti, don wannan agogon Kano ne dama.

In kuwa jirgin mai yada zango ne, ta Addis Ababa ko Alkahira, lissafin nan bai da amfani, zaman jira kaɗai zai iya fin tafiyar kanta, duba awannin da ke tsakanin saukar farko da tashi na biyu tun kafin ka biya kuɗi, arha ba ta kai kwana kan kujerar ƙarfe ba.

Sannan in Makka za ka wuce daga Jidda, a sama za a ratsa miƙati, saboda haka haramin nan kada ya shiga babbar jaka, ka ɗaura abinka tun a Kano ko ka riƙe shi a jakar hannu. Wanda zai fara da Madina shi babu ruwansa da wannan tukuna.