Yadda za ka haɗa hular Magneto da kwali

Magneto tauraro ne a littattafan labaran zane, an san shi da hularsa mai kama da ta kwano. Da farko nemi kwalin taliya mai kauri wajen masu shago a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ka haɗa da almakashi, gam, salatif da fenti ja da shunayya.

Auna kanka da zare, ka ƙara faɗin yatsu biyu, domin hula mai matse kai azaba ce a zafin Kebbi. Yanke kwalin, ka naɗe shi, ka rufe saman da ƙananan yanka, ka bi da salatif.

Gaban nan ne aikin yake. Zana wurin fuska da biro kafin ka sa almakashi: idanu a buɗe, gefen kumatu biyu su sauko da tsini har haɓa. Manna ƙananan ƙaho biyu a goshi. Shafa ja ko'ina, shunayya a baki-baki, ka shanya a inuwa, don rana tana lanƙwasa kwali.

Saura tafiyar. Magneto, wanda kamfanin littattafan labaran zane na Marvel ya fito da shi a 1963, ya tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi yana yaro, shi ya sa bai yarda da mutane ba, kuma hular tana hana abokin hamayyarsa Farfesa X, mai iya karanta tunanin mutane, karanta nasa. Saboda haka ban da tsalle-tsalle da ƙyalƙyala dariya. Ɗaga haɓa, taka a natse, ka rage magana.