Yadda ake ɗibar jini da karanta sakamakon gwajin bitamin D

Bitamin D ba ya yawo shi kaɗai a jini. Wani furotin da hanta ke sarrafawa ne ke ɗauke da kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari nasa, kuma furotin ɗin yana mannewa a jikin fararen ƙwayoyin jini, yana taimaka musu su garzaya inda cuta ta shiga.

A nemi gwajin 25(OH)D, wato nau'in bitamin D da ake aunawa a jini, shi ke nuna ajiyar jiki. Ba sai majiyyaci ya yi azumi ba. A ɗebi jini a kwalba mai jan murfi, a bar shi minti 30 ya daskare, a juya shi a injin tace jini (centrifuge) minti 10, a raba ruwan jinin. Zafin Sakkwato a watan Afrilu kan wuce digiri 40, don haka kada kwalba ta kwana a kan tebur: firji, digiri 2 zuwa 8. Idan za a daɗe, a daskarar da ruwan jinin a digiri 20 ƙasa da sifili.

Wurin karatu ne aka fi tuntuɓe. Ƙasa da 20 ng/mL ana ɗauka ƙaranci ne, a ninka da 2.5 a samu adadin a ɗaya ma'aunin, wato nmol/L. Amma gwajin yana auna jimilla ne, wato bitamin da furotin ke ɗauke da shi da wanda ke yawo a sake. Ciwon hanta, ko ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, yana rage furotin mai ɗaukar bitamin ɗin, sai adadin ya faɗi. Juna biyu kuwa yana ƙara furotin ɗin. Likita ya fara duba waɗannan kafin ya rubuta magani.