Kafin ka sayi tsohuwar jitar bes

'Yan uwa, wanda aka yi wa tallar tsohuwar jitar bes, wato jita mai kaurin amo, ta kamfanin Fender, don Allah kada ya yi gaggawar biyan kuɗi.

Abin da ke sa ta tsada shi ne shekara da asali. Samfurin Precision ya fito a 1951, samfurin Jazz kuma a 1960. Kamfanin CBS ya sayi Fender a farkon 1965, kuma waɗanda aka ƙera kafin cinikin nan su masu tara kayan kiɗa ke rububi. Amonsu kuwa, mai kauri da taushi, ni dai har cikin ƙirji nake jin sa.

Wajen gane shekararta, kada ka dogara da lambar farantin ƙarfen da ke bayanta, kusoshi huɗu ne ke riƙe shi, sauya shi ba wuya. Ka sa gwani ya kwance wuyan jitar, yawanci akwai kwanan watan ƙira a gindinsa. Ya duba lambobin maɓallan murɗa sauti ma, su dace da shekarar.

Sai fenti. Tsohon fenti, ko ya goge ya tsattsage, ya fi sabo daraja nesa ba kusa ba. Sake fenti kan zaftare kusan rabin farashi. In ka mallake ta, ka bar ta da tabonta, ka adana ta cikin akwatinta lokacin hunturu don kada katakon ya bushe ya tsage.