Yadda ake koya wa 'yan firamare rubuta wasiƙar hukuma

Wasiƙar hukuma ita ce wadda ake aika wa mai riƙe da muƙami, kamar hedimasta, ko sakataren ilimi, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko manajan kamfani. Akan fara koyar da ita a aji biyar ko shida, bayan yara sun saba da wasiƙar zumunci. Abin da aka fi yi shi ne malami ya rubuta samfuri a allo, yara su kwafa su haddace. Ranar da aka canja musu batu kuwa sai ka ga sun tsaya cak, ko su juye wasiƙar neman izinin zuwa asibiti a inda aka ce su roƙi gyaran famfo. Darasi biyar na minti talatin da biyar zuwa arba'in sun isa a kauce wa wannan, in aka raba koyar da tsarin wasiƙa da koyar da abin da za a faɗa a cikinta.

A tanadi falle uku na takarda ga kowane yaro, ɗaya na zane, biyu na wasiƙa, da rula, da almakashi, da ambulan. In babu ambulan, yara su naɗa da kansu da takarda da gam. A kuma roƙi hedimasta wata tsohuwar wasiƙa ta gaske da ta shigo ofishinsa, a rufe sunayen da ke ciki, don yara su ga cewa manya ma haka suke rubutawa.

Darasi na farko: su gano bambancin da kansu

Raba allo biyu. A hagu rubuta wasiƙar yaro zuwa ga yayansa, yana ba shi labarin tagar ajinsu da ta ɓalle. A dama rubuta wasiƙar yaron zuwa ga hedimasta a kan wannan tagar. Kada ka yi bayani tukuna. Ce musu su ƙirgo bambance-bambance. Za su ga adireshi biyu a ta dama, za su ga take, kuma nan da nan wani zai ɗaga hannu ya ce ai ba a gaishe da hedimasta ba.

A nan aikin yake. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya soma magana da babba sai ya durƙusa ya yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ba zai yarda cikin sauƙi ya shiga magana kai tsaye ba. Shi ya sa rabin shafinsa ke ƙarewa a "Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda nake nan lafiya." Kuskure ne a ce masa gaisuwa ba ta da amfani, domin tarbiyyar gidansu ake rushewa, kuma ba zai yarda ba ko da ya yi shiru. Gara a nuna masa inda ladabi yake zama a wasiƙar hukuma: a "Ranka ya daɗe," da ke sama, a kalmomin roƙo irin su "ina neman alfarma", a tsabtar takarda, da kuma rashin ɓata wa mutum lokaci alhali takardu sun taru a teburinsa. A wasiƙar Hausa ana iya barin gajeriyar gaisuwa guda, wadda ba ta wuce rabin layi ba. A ta Turanci kuwa ba a tambayar lafiya ko kaɗan, kuma masu duba jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da NECO suna ɗaukar hakan a matsayin rashin sanin tsari, don haka gara a cire ɗabi'ar tun daga firamare.

Darasi na biyu: sassa takwas da mazauninsu

Adireshin mai rubutu yana sama a dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa. Adireshin wanda aka rubuta wa yana hagu, ƙasa da layin kwanan wata, kuma da muƙami yake farawa: Hedimasta, sannan sunan makaranta, unguwa, gari. Sai gaisuwa, sai take a tsakiya, sai jikin wasiƙa, sai kalmar rufewa, sai sa hannu da cikakken suna a ƙarƙashinsa.

Kwafi wasiƙa guda a kwali, ka yanka ta gida takwas, ka ba rukunin yara biyar ko shida su jera a kan benci. Rukunin da ya gama ya je ya duba na maƙwabtansa. Bayan haka kowa ya zana akwatuna takwas a fallensa da rula, babu rubutu a ciki sai sunan sashe. Wannan zanen shi za su riƙa ajiyewa a gefe har hannu ya saba.

Kurakuran wannan mataki kusan iri ɗaya ne a kowane aji. Yaro ya sa sunansa a saman adireshi, domin haka ya saba yi a takardar jarrabawa. Ya rubuta kwanan wata 3/4/2025, wanda wani zai karanta uku ga Afrilu, wani huɗu ga Maris. A koya masa rubuta sunan watan, 3 ga Afrilu, 2025. Ya sa waƙafi a ƙarshen layi ɗaya na adireshi ya manta a na gaba; ko dai a sa a kowane layi da aya a na ƙarshe, ko a bar su duka. Take kuma ko a rubuta shi duka da manyan baƙaƙe, ko a ja masa layi a ƙasa, kuma kada ya zama jimla mai tsawo: NEMAN GYARAN TAGA ya wadatar. A wasiƙar Turanci, "Dear Sir," ko "Dear Madam," tana tafiya da "Yours faithfully," harafin farko babba, na kalma ta biyu ƙarami, sannan waƙafi. A Hausa akan rufe da "Naka mai biyayya," ko "Taka mai biyayya," in yarinya ce ta rubuta, a kuma lura da "Naki" da "Taki" in mace ce ke riƙe da muƙamin.

Darasi na uku: me za a faɗa

Sakin layi uku: abin da ya sa na rubuto, bayaninsa, da abin da nake so a yi. Kafin a taɓa biro, a yi da baki. Yaro ɗaya ya zauna a kujerar malami a matsayin hedimasta, wani ya zo da buƙatarsa, sauran aji su riƙa tambaya: wace taga? tun yaushe? me take jawowa? Amsoshin su ne sakin layi na biyu. Misali:

"Na rubuto ne a madadin 'yan aji shida domin in sanar da kai cewa tagogi biyu na ajinmu sun ɓalle. Sun ɓalle ne tun makon farko na wannan zango, kuma duk lokacin da aka yi ruwa, bencuna uku na baya suna jiƙewa. Muna roƙon a taimaka a gyara mana su kafin damina ta yi nisa."

Sakin layi na uku ne yara suka fi mantawa. Sukan bayyana matsala tsaf, su rufe wasiƙa ba tare da sun roƙi komai ba, saboda kunyar neman abu a wurin babba. Ko da wasiƙar Turanci ake koyarwa, a bari su tsara maganar da Hausa tukuna. Wanda bai san me zai ce ba, ƙarin nauyin Turanci zai hana shi ko da farawa.

Darasi na huɗu da na biyar: wasiƙa ta gaske

Kowa ya rubuta tasa a kan wani abu da ke damunsa da gaske a makaranta: ƙarancin alli, sharar da ke bayan aji, izinin fashin kwana biyu. A falle na farko ake gwaji. Su yi musanya, kowa ya duba sassa takwas na abokinsa ya yi alama a wanda ya ɓace, sannan a kwafe da tsabta a falle na biyu. Malamin da ke da yara tamanin ba zai iya gyara kowane harafi ba, kuma shafin da ya cika da jan biro karya gwiwa yake yi. A raba maki ashirin: shida na tsari, shida na bayani, biyar na harshe, uku na tsabta, a rubuta wa yaro gyara ɗaya ko biyu kawai.

A darasi na ƙarshe a naɗe takarda gida uku, a sa a ambulan, a rubuta adireshin mai karɓa a tsakiya, a nuna kusurwar dama ta sama inda ake liƙa kan sarki. Aji ya zaɓi wasiƙu uku a kai wa hedimasta, a kuma roƙe shi tun da wuri ya ba da amsa a rubuce, ko da layi huɗu ne, a karanta a aji. Kada a bar yara su ambaci sunan wani malami ko ɗalibi a wasiƙar koke, kuma duk wadda za ta fita wajen makaranta, kamar zuwa ga mai unguwa ko sakataren ilimi, sai ta bi ta hannun hedimasta.

Waɗanda hannunsu bai nuna ba a ba su wasiƙa mai gurabe su cike: kwanan wata, take, da jimlar roƙo. Mako na gaba a ƙara yawan guraben, a na uku a bar musu akwatunan nan takwas kawai.